Kundin Tsarin Mulki: Haƙƙi a Takarda da Wanda Zai Tsare Shi

A watan Disamban 1936 Tarayyar Sobiyet ta amince da sabon kundin tsarin mulki, kuma duk wanda ya karanta babinsa na haƙƙoƙin 'yan ƙasa sai ƙasar ta ba shi sha'awa. Sashe na 125 ya tanadi 'yancin faɗin albarkacin baki, da na buga jarida, da na yin taro da jerin gwano. Sashe na 127 ya ce ba a kama mutum sai da umarnin kotu ko sahalewar mai gabatar da ƙara. Ga haƙƙin samun aiki, ga na hutu, ga na ilimi, ga na kulawa idan tsufa ya zo. A shekaru biyun da suka biyo baya, 1937 da 1938, gwamnatin Stalin ta kame dubban ɗaruruwan mutane ta harbe, ba tare da ta goge ko harafi ɗaya daga waɗannan sassa ba. Ba ta ma buƙaci gogewar ba, domin kundin da ya jera haƙƙoƙin shi ne ya ɗora jam'iyya ɗaya a kan komai a sashe na 126, kuma babu kotun da za ta iya ce wa jam'iyyar ta yi ba daidai ba.

Na fara da wannan ne saboda yadda yawancinmu muke karanta kundin tsarin mulki. Da ya shigo hannu, babin haƙƙoƙi muke nema, mu karanta mu ji daɗi, sauran kuwa mu bar wa lauyoyi: wa ke naɗa wa, wa ke tsige wa, kuɗin ƙasa ta hannun wa suke fita. Alhali a waɗannan sassa marasa armashi ake yanke ko haƙƙin zai yi aiki ko zai zama romon baka. Faransawa sun faɗi haka tun 1789 a sanarwarsu ta haƙƙin ɗan Adam, inda sashe na 16 ya ce al'ummar da ba ta tabbatar da haƙƙoƙi ba, ba ta kuma raba iko ba, to ba ta da tsarin mulki. Abu biyu suka haɗa a jimla ɗaya, da gangan.

Kusan kowane kundi da gabatarwa yake buɗewa, kuma galibi da sunan jama'a take magana. Na Amurka ya fara da “Mu jama'a”, haka na Indiya, haka na Najeriya. Sai dai na Najeriya na 1999 dokar soja ce ta kawo shi, Doka ta 24 ta 1999 a ƙarƙashin Janar Abdulsalami Abubakar, shi ya sa masu suka ba su daina cewa kundin ya soma da abin da bai faru ba. A Kenya jama'a ne suka amince da nasu a ƙuri'ar raba gardama a watan Agustan 2010. A Afirka ta Kudu zaɓaɓɓun wakilai ne suka rubuta, sannan aka kai wa Kotun Tsarin Mulki ta duba, ta dawo da daftarin farko a 1996 ta ce a gyara. Asali yana da muhimmanci, amma ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba: kundin Jamus na 1949 an rubuta shi ƙasar tana hannun sojojin ƙawance, ba a kai shi gaban jama'a sun kaɗa ƙuri'a ba, ga shi yau yana cikin waɗanda aka fi mutuntawa a duniya.

Bayan gabatarwa sai maganar fifiko, wadda ita ce ƙashin bayan lamarin. Sashe na 1 na kundin Najeriya ya ce kundin yana ɗaure kowa da kowace hukuma, kuma duk dokar da ta ci karo da shi ta zama rusasshiya gwargwadon cin karon. To amma wa zai ce ta ci karon? Majalisar da ta yi dokar ba za ta faɗa ba, shugaban da ya sa hannu ma haka. Kundin Amurka, da aka rubuta a Filadelfiya a 1787, bai fito fili ya ba kotu wannan aiki ba. Kotun Ƙoli ce ta ɗaukar wa kanta a 1803, a shari'ar Marbury da Madison, ta bakin Alƙalin Alƙalai John Marshall. Jamus ta kafa kotu ta musamman domin wannan aiki a Karlsruhe a 1951. Faransa ta kafa majalisar tsarin mulki a 1958, kuma ƙasashe da dama da ta raina sun bi sawunta. Birtaniya ce ta fita daban: ba ta da kundi guda, dokokinta na asali a warwatse suke tun daga Magna Carta, yarjejeniyar da ta taƙaita ikon sarki a 1215, kuma majalisa ce mai maganar ƙarshe. Ko a ƙarƙashin dokar haƙƙin ɗan Adam ta 1998, iyakar abin da kotu za ta yi shi ne ta sanar cewa doka ta saɓa wa haƙƙi, gyara kuwa sai majalisa ta ga dama.

Daga nan sai rabon iko tsakanin masu yin doka, masu zartarwa da masu shari'a, wanda a Najeriya sassa na 4, 5 da 6 suka shimfiɗa. Wannan kowa ya haddace shi tun a makaranta. Abin da ba a cika kula da shi ba shi ne ƙananan bayanai. Alƙalin da gwamnati za ta iya rage wa albashi ko ta sallama da safe ɗaya, ba a sa ran ya yanke hukunci a kanta. Shi ya sa kundin Amurka ya ce alƙalan tarayya suna kan kujerarsu muddin ba su yi abin tsigewa ba, kuma ba a rage musu albashi. Jamus ta bi wata hanya: alƙalan kotun tsarin mulki 16 ne, wa'adinsu shekara 12 ba sabuntawa, kuma zaɓensu na buƙatar biyu bisa uku, don haka jam'iyya mai mulki ba ta cika kotun da mutanenta ita kaɗai. Hikimar hana sabunta wa'adi a fili take, alƙalin da ba ya neman a maido shi ba shi da wanda zai faranta wa.

A ƙasashe masu tsarin tarayya akwai rabo na biyu, tsakanin gwamnatin tsakiya da jihohi. Kundin 1999 ya keɓe wa tarayya abubuwa 68 da ita kaɗai ke yi wa doka, kafin gyaran 2023 ya ba jihohi dama a harkar jiragen ƙasa, gidajen gyaran hali da wutar lantarki. Mai karatu zai iya cewa ina ruwan wannan da haƙƙina? Sashe na 214 ya hana kafa wata rundunar 'yan sanda ban da ta tarayya. Ke nan tambayar wa za a kama da laifi idan an kasa tsare ran mutum, amsarta tana cikin jadawalin rabon iko, ba a babin haƙƙoƙi ba.

Yanzu ga babin da kowa ke so. A Najeriya Babi na Huɗu ne, sassa na 33 zuwa 46: haƙƙin rayuwa, mutunci, walwala, adalci a gaban shari'a, sirri, addini da tunani, faɗin albarkacin baki, taro da ƙungiya, zirga-zirga, kariya daga wariya, da mallakar dukiya. Tushensa na da ban sha'awa. Tsoron da ƙananan ƙabilu suka nuna gab da samun 'yanci ne ya sa aka kafa hukumar Willink a 1957. Maimakon ta ba da shawarar ƙirƙiro sababbin jihohi kamar yadda suka nema, sai ta ce a rubuta haƙƙoƙi a cikin kundi, aka kuwa kwaikwayo su daga yarjejeniyar Turai ta 1950. A Amurka ma daga baya haƙƙoƙin suka shigo, a gyare-gyare goma na farko a 1791, kuma kundin da ke ɗauke da su ya zauna lafiya da cinikin bayi da bauta har sai da gyara na 13 ya haramta bautar a 1865, bayan yaƙin basasa.

Haƙƙi mai ƙarfi shi ne wanda aka rubuta da lamba da lokaci. Dubi sashe na 35. Wanda aka kama dole a sanar da shi dalili a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Dole a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu mai hurumi a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu, ko wani lokaci da kotu ta ga ya dace. Yana da damar yin shiru har ya ga lauya. Idan an tsare shi ba bisa ƙa'ida ba, yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Irin wannan rubutu ba ya barin ƙofar kewaye-kewaye sosai, ana iya ƙirga kwanaki a nuna wa alƙali.

Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Mai son sanin nauyin haƙƙi a kowace ƙasa ya nemi sashen da ya taƙaita shi. A Najeriya sashe na 45 ne, wanda ya ce haƙƙin sirri, addini, magana, taro da zirga-zirga ba za su rusa dokar da aka yi domin tsaron ƙasa, lafiyar jama'a, zaman lafiya, tarbiyya ko kare haƙƙin wasu ba, muddin dokar abin karɓa ce a al'umma mai bin dimokuraɗiyya. Taƙaitawa kanta ba laifi ba ce. Ba ƙasar da ke barin mutum ya tunzura jama'a su yi kisa da sunan albarkacin baki, kuma ko Amurka da gyaranta na farko bai ambaci iyaka ba, kotuna sun sa masa iyakoki. Matsalar ita ce kalmomi irin su “zaman lafiya” da “tarbiyya” riga ce mai faɗi, kowace gwamnati tana iya shiga. Idan kundi bai faɗi yadda za a auna ba, sai a ba ka da hannun dama a karɓe da hagu.

Afirka ta Kudu ta ɗauki wannan da muhimmanci. Sashe na 36 na kundinta ya jera wa alƙali abin da zai duba: wane irin haƙƙi ne, mene ne muhimmancin dalilin taƙaita shi, taƙaitawar ta kai ina, shin tana kai wa ga manufar da aka ce, kuma shin akwai hanya mai sauƙi da za ta biya buƙata ba tare da an danne haƙƙin haka ba. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce mai cizo, domin tana tilasta wa gwamnati ta bayyana me ya sa ta hana taro gaba ɗaya alhali tana iya sauya masa hanya ko ta tura masu gadi. Jamus kuma ta ce a sashe na 19 ko yaya za a taƙaita haƙƙi, ba a taɓa ainihinsa.

Wani lokaci iyakar tana cikin sashen haƙƙin kansa. Sashe na 33 na Najeriya ya ba da haƙƙin rayuwa, a numfashi guda ya halatta hukuncin kisa da kotu ta yanke, ya kuma ce ba a keta haƙƙin ba idan mutum ya mutu sakamakon ƙarfin da doka ta yarda da shi wajen kare kai ko dukiya, kama mai laifi, ko murƙushe tarzoma. Afirka ta Kudu ta rubuta nata a gajarce ba tare da togaciya ba tun a kundinta na wucin gadi, kuma a kan haka kotunta ta soke hukuncin kisa a 1995. Suna ɗaya ne a ƙasashen biyu, abin da ke ƙarƙashinsa ya sha bamban.

Akwai kuma rukunin da ya fi jawo gardama: ilimi, lafiya, muhalli, abinci. Babi na Biyu na kundin Najeriya ya yi maganarsu da daɗin ji. Sashe na 14 ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati, sashe na 18 ya yi maganar ilimi kyauta a lokacin da hali ya yi. Sai ƙaramin sashe na 6(6)(c) ya zo ya ce kotu ba ta da hurumin sauraron ƙara kan ko an cika abin da ke wannan babi. Dabarar ta shigo Najeriya a kundin 1979, an aro ta daga Indiya, ita kuma Indiya daga Ailan. Hujjar masu ita ba ta banza ba ce. Hana gwamnati azabtar da mutum umarni ne na “kada ki yi”, gina asibiti kuwa kasafin kuɗi ne, kuma alƙalin da ba a zaɓe shi ba bai kamata ya raba wa ƙasa kuɗinta ba.

Sai dai ni hujjar ba ta gamsar da ni har ƙarshe ba. Adalci a shari'a ma kuɗi yake ci, akwai kotuna, alƙalai, masu fassara da lauyoyin gwamnati, kuma ba wanda ya ce a cire shi saboda tsada. Afirka ta Kudu ta nuna akwai hanya ta tsakiya. Ta sa muhalli, lafiya, abinci da ruwa a cikin haƙƙoƙin da ake kai ƙara a kansu, amma ta ce aikin gwamnati shi ne ɗaukar matakai masu ma'ana, sannu a hankali, gwargwadon abin da ke hannunta. A 1997 kotu ta ƙi tilasta wa asibitin gwamnati ya ci gaba da yi wa wani mai ciwon ƙoda wankin jini, saboda na'urorin ba su isa kowa ba kuma ƙa'idar rabonsu ba ta zalunci ba ce. A 2002 kotun dai ta umarci gwamnati ta daina taƙaita maganin nevirapine, mai hana uwa sa wa jariri cutar ƙanjamau, ga 'yan cibiyoyin gwaji kawai. A duka biyun kotu ba ta rubuta kasafi ba, ta dai sa gwamnati ta zo ta kare shawararta da hujja. Indiya ta bi ta bayan gida: alƙalanta suka faɗaɗa ma'anar haƙƙin rayuwa har ya haɗa da ilimi, daga bisani a 2002 aka gyara kundin aka mayar da karatun yara 'yan shekara 6 zuwa 14 cikakken haƙƙi.

Gwaji mafi tsanani ga kowane kundi shi ne dokar ta-ɓaci. Kundin Jamus na zamanin Weimar, jamhuriyar da ta gabaci mulkin Hitila, yana da haƙƙoƙi masu kyau, yana kuma da sashe na 48 da ya ba shugaban ƙasa ikon dakatar da su. Da shi aka yi amfani a watan Fabrairun 1933 bayan gobarar majalisa, kuma dakatarwar ba ta ɗagu ba har mulkin Hitila ya faɗi. Wannan ne ya sa Jamusawa a 1949 suka fara kundinsu da mutuncin ɗan Adam a sashe na 1. A Indiya, lokacin ta-ɓacin da Firaminista Indira Gandhi ta sa, Kotun Ƙoli ta yanke a 1976 cewa wanda aka tsare ba shi da damar zuwa kotu ya ƙalubalanci tsarewar. Alƙalai huɗu suka yarda, ɗaya ya ƙi, Mai Shari'a H. R. Khanna, kuma da lokacin naɗa Alƙalin Alƙalai ya zo aka tsallake shi, ya ajiye aiki. A 1978 aka gyara kundin yadda ko a ta-ɓaci ba a dakatar da kariyar rai da walwala. Saboda irin wannan tarihi ne kundin zamani ke fayyace wa ke ayyana ta-ɓaci, majalisa za ta amince cikin kwana nawa, yaushe za ta ƙare, da haƙƙoƙin da ba a taɓawa ko ana yaƙi.

Sai maganar yi wa kundin kansa gyara. Idan ya yi sauƙin gyaruwa, duk mai rinjaye zai ɗinka shi daidai jikinsa, idan kuma ya yi tauri da yawa sai zamani ya wuce shi. Amurka na buƙatar biyu bisa uku na majalisun tarayya da uku bisa huɗu na jihohi, shi ya sa gyara 27 kacal aka yi a sama da shekara 230. Indiya ta haura 100 tun 1950, amma a 1973 kotunta, da rinjayen alƙalai bakwai a kan shida, ta ce majalisa ba za ta rushe ginshiƙan kundin da sunan gyara ba. Jamus ta rubuta a sashe na 79 cewa akwai abubuwan da ba a gyarawa har abada. A Najeriya sashe na 9 na neman biyu bisa uku na kowace majalisar tarayya da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36, kuma idan Babi na Huɗu za a taɓa, sai an sami huɗu bisa biyar a majalisun tarayya.

Wannan katanga ta yi aiki a watan Mayun 2006, lokacin da Majalisar Dattawa ta yi watsi da gyaran da zai ba Obasanjo wa'adi na uku. A Nijar labarin ya bambanta. Kundinta na 1999 ya hana taɓa iyakar wa'adi, sai Shugaba Mamadou Tandja ya nemi sabon kundi ɗungurungum ta hanyar ƙuri'ar raba gardama domin tazarce. Kotun tsarin mulki ta ce bai halatta ba. Ya rushe majalisa a watan Mayun 2009, ya rushe kotun a watan Yuni, aka yi ƙuri'ar ranar 4 ga Agusta, sojoji suka kifar da shi ranar 18 ga Fabrairun 2010. Kotun ta yi aikinta, amma ba ta da sojan da zai tsare ƙofarta, kuma waɗanda suka kawo ƙarshen tazarcen su ma ba ta hanyar kundi suka zo ba. Najeriya ta san wannan tun 1970, lokacin da Kotun Ƙoli ta rusa dokar ƙwace dukiya a shari'ar Lakanmi, gwamnatin Gowon kuma cikin 'yan makonni ta fitar da Doka ta 28 da ta shafe hukuncin ta ɗora dokar soja a kan kundi. Sashe na 1(2) na kundin yanzu ya haramta karɓar mulki ta hanyar da ba a tanada ba, amma irin wannan sashe shi ne farkon abin da masu juyin mulki ke dakatarwa.

Saura ƙofar da talaka zai bi idan an taka shi. Ambedkar, wanda ya jagoranci kwamitin rubuta kundin Indiya, sashe na 32 ya ɗauka a matsayin zuciya da ruhin kundin, wato wanda ya ba kowa damar zuwa Kotun Ƙoli kai tsaye idan an keta masa haƙƙi. A Najeriya sashe na 46 ne ya buɗe ƙofar babbar kotu ga wanda aka keta wa haƙƙi, ko ake ketawa, ko ake shirin ketawa, ya kuma ɗora wa majalisa samar da tallafin lauya ga marar hali. Ƙa'idojin da Alƙalin Alƙalai ya fitar a 2009 sun sassauta hanyar, har wani na iya shigar da ƙara a madadin wanda ke tsare. Duk da haka, mafi yawan waɗanda ke gidajen gyaran hali a ƙasar masu jiran shari'a ne, ba waɗanda aka yanke wa hukunci ba, alhali sashe na 35 ya ce, ban da wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne, wanda ke tsare idan an yi wata biyu ba a yi masa shari'a ba a sake shi, da sharaɗi ko ba sharaɗi. Kafin wannan sashe ya yi wa irin wannan mutum amfani, sai an sami wanda ya san yana ciki, da lauyan da zai rubuta takarda, da alƙalin da zai ba da umarni, da jami'in da zai buɗe ƙofa idan umarnin ya iso.